Yadda tsohon hannu a rumbun bayanai zai fara aiki da wakilin AI ba tare da ya miƙa masa makullin sito ba

Na daɗe ina rubuta manhajojin ajiye lissafi ga 'yan kasuwa da makarantu a nan Sakkwato, tun zamanin da Microsoft Access da Visual FoxPro suke tashe, har muka koma MySQL da PostgreSQL, dukansu manhajojin rumbun bayanai ne, wato inda ake ajiye bayanai a cikin tebura. Wannan bayani na yi shi ne domin ire-irena, wato waɗanda suka san yadda ake tsara tebur da yadda ake haɗa shi da wani, suka taɓa kwana a gaban kwamfuta suna neman inda naira ɗari biyu ta ɓace a rahoton ƙarshen wata, amma har yanzu suna ɗari-ɗari da sababbin wakilan ƙirƙirarriyar basira (AI) masu rubuta manhaja. Ɗari-ɗarin yana da hujja, kuma ba zan ce a jefar da shi ba. Abin da nake so in nuna shi ne yadda za a mayar da shi tsarin aiki, ta yadda wakilin zai ɗauke maka wahalar rubutu, hukunci a kan bayanan mutane kuma ya ci gaba da zama a hannunka.

Ya kamata a fara da bambancewa. A 2021 aka fito da GitHub Copilot, wanda aikinsa na farko shi ne ƙarasa maka layin da ka fara rubutawa. A watan Nuwamba na 2022 ChatGPT ya bayyana, mutane suka shiga kwafo kod suna liƙa masa, su kwafo amsarsa su mayar. Wakili wani abu ne daban. Manhajoji irin su Claude Code na kamfanin Anthropic, da Codex na OpenAI, da Gemini CLI na Google, waɗanda duk suka fito a 2025, da kuma yanayin wakili da ke cikin Copilot da manhajar rubuta kod ta Cursor, suna shiga cikin jakar aikinka da kansu, su buɗe fayiloli, su gyara su, su buga umarni a tagar umarni, su karanta sakamakon, sannan su yanke shawarar abin da za su yi na gaba. Ga mai ƙawata shafin intanet, kuskuren wakili yakan tsaya a launi ko maɓallin da ya karkace. Ga mai rumbun bayanai kuwa, umarni guda na gogewa, DELETE, da ba a sa masa sharaɗin WHERE mai iyakance layukan da zai taɓa ba, ya isa ya shafe bashin shekara biyar da ake bin mutane.

Mataki na farko: gyara gida kafin baƙo ya iso

Kada ka girka kowane wakili sai dukan aikinka yana cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara da aka yi wa kod. Na san da yawa daga cikinmu har yau muna ajiye aiki ta hanyar kwafe jaka mu sa mata kwanan wata, kuma hakan ya yi mana rana a da, amma ba zai wadatar ba da zarar akwai wani abu da ke iya taɓa fayil ashirin cikin minti ɗaya. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ne zai nuna maka kowane layi da aka ƙara ko aka cire ta umarnin git diff, kuma shi ne zai ba ka damar mayar da komai yadda yake idan aikin bai yi ba. Ka saba da buɗe sabon reshe a Git, wato layin gyara na gefe da ba ya taɓa na asali, ga kowane aiki da za ka ba wakilin, kuma ka tabbata babu gyaran da ka bari a rataye kafin ka sake shi.

Sai dai Git yana tsare rubutun manhaja ne kawai, ba ya tsare abin da ke cikin rumbun. Saboda haka ka ɗauki cikakken kwafin rumbun da pg_dump ko mysqldump, ka kai shi wata na'ura daban, sannan ka yi abin da yawancinmu muke tsallakewa, wato ka zuba kwafin a wani rumbu marar komai ka ga ko zai tashi, ka ƙirga layukan manyan teburan ka gwada da na asali. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba.

Mataki na biyu: gina rumbun gwaji da bayanan da ba na kowa ba

Wakili ba ya buƙatar ganin ainihin bayanan abokan cinikin maigidanka domin ya yi aiki. Abin da yake buƙata shi ne siffar rumbun: sunayen teburan, guraben da ke cikinsu, nau'in abin da kowane gurbi ke ɗauka, da dangantakar da ke tsakaninsu. A PostgreSQL umarnin pg_dump --schema-only zai fitar maka da wannan ba tare da layi ko ɗaya na bayanai ba, a MySQL kuma mysqldump --no-data ne ke yin haka. Ka zuba wannan siffa a wani rumbu na kan kwamfutarka, ko a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da shiri a keɓe, idan ka saba da shi, ka sa masa suna da ba za a taɓa rikita shi da na gaske ba.

Dalilin wannan ba tsoron gogewa kaɗai ba ne. Duk abin da wakilin ya karanta, yawanci ana aika shi ne zuwa na'urorin kamfanin da ya yi shi, a wata ƙasa. Idan teburinka yana ɗauke da lambar NIN ko BVN, ko lambobin waya, ko sakamakon gwajin jini na marasa lafiya, ko sunayen ɗalibai da na iyayensu, to ka fitar da amanar mutane waje ba da saninsu ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, kuma ita ce ta kafa hukumar NDPC da ke sa ido a kan masu tara bayanan mutane da masu sarrafa su. Ko da babu doka, wanda ya ba da lambar wayarsa a kanti domin a rubuta masa bashi bai ba da ita domin ta ƙetare teku ba.

Aikin farko da ya dace ka ba wakilin ma shi ne ya rubuta maka ɗan shirin da zai cika rumbun gwajin da bayanan ƙirƙira. A nan ne gogewarka za ta fara amfani, domin idan ka bar shi da kansa zai cika teburin da sunaye masu santsi da adadi masu kyau, irin waɗanda ba sa karya komai. Ka umarce shi ya sa sunaye masu ɗauke da alamar hamza kamar Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il, da masu ƙugiya kamar Ɗahiru da Ɗanjuma da Balƙisu. Ka ce ya sa mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a gari ɗaya, domin Abubakar Muhammad ba ɗaya ba ne a kowace unguwa ta Sakkwato. Ka ce ya sa abokin ciniki da ba shi da lambar waya, da wanda ya biya bashi kashi uku, da wanda ya dawo da kaya, da rasit da aka soke. Bayanan gwaji da suka yi kama da rikicin kasuwa su ne ke tona asirin kod marar ƙarfi.

Mataki na uku: taƙaita ikonsa a matakin rumbun kansa

Rubuta wa wakili cewa kada ya goge komai yana da amfani, amma ba katanga ba ce. Katanga ita ce izinin da rumbun ya ba shi. A watan Yuli na 2025 labari ya bazu cewa wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan aiki na wani ɗan kasuwa a Amurka, Jason Lemkin, alhali an riga an umarce shi da kada ya canza komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri ya kuma yi alkawarin raba rumbun gwaji da na aiki. Abin lura a labarin shi ne wakilin yana da hanyar isa ga rumbun na gaske, kuma umarnin baki bai tare hanyar ba.

Saboda haka ka buɗe wa wakilin asusu nasa na daban. A rumbun gwaji kana iya ba shi cikakken iko, tunda ko ya rushe shi za ka sake ginawa cikin minti biyu. A rumbun aiki kuwa, ra'ayina shi ne kada ya sami asusu ko kaɗan. Idan wata larura ta tilasta, misali ana binciken abin da ya sa wata tambaya take jan ƙafa, to a yi amfani da asusun karatu kawai, wanda aka ba shi GRANT SELECT a kan teburan da ba su da bayanan sirri, kuma a rufe shi da zarar an gama. Haka nan idan kana haɗa wakilin da rumbu ta hanyar MCP, ƙa'idar da Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 domin haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki na waje, ka tuna cewa mahaɗin yana aiki ne da ikon asusun da ka ba shi.

Sai maganar kalmomin sirri. Yawancinmu muna ajiye su a fayil ɗin .env, mu sa sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, mu ɗauka an gama. Wannan yana hana Git ɗaukarsa ne kawai, ba ya hana wakili buɗe shi. Mafi aminci shi ne kalmar sirrin sabar aiki, wato na'urar da ainihin rumbun ke kanta, kada ta zauna a jakar da wakilin ke yawo a ciki sam. Kuma ka bar tsarin neman izini a kunne, wato wanda ke sa wakilin ya tsaya ya tambaye ka kafin ya buga umarni. Zai gundure ka a makon farko, daga baya kana iya sassauta wa umarnin da ba su da haɗari, kamar gudanar da gwaji ko duba fayil, ka bar sauran a ɗaure. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika ambata ba: wakili yana iya ɗaukar rubutun da ya tarar cikin bayanai a matsayin umarni. Idan manhajarka tana da gurbin da jama'a ke rubuta ƙorafi ko sharhi, wani mugu yana iya rubuta umarni a ciki da nufin wakilin ya bi, kuma wannan ƙarin dalili ne na nesanta shi da bayanan gaske.

Mataki na huɗu: rubuta masa abin da ke kanka

Wannan ne matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma shi ne wanda sabon shiga ba zai iya yi kamar kai ba. Wakili ya san SQL sosai, harshen yi wa rumbun bayanai tambaya da aka daidaita ƙa'idarsa tun 1986 bisa tunanin da Edgar Codd ya wallafa a 1970, kuma ya karanta misalai da ba su ƙirguwa. Abin da bai sani ba shi ne kantin da kake yi wa aiki. Bai san cewa gurbin da aka sa wa suna status yana nufin an soke rasit idan ya zama 3 ba, bai san cewa an daina amfani da tsohon teburin farashi amma ba a goge shi ba saboda rahoton shekarun baya, kuma duk lokacin da ka buɗe sabon zama da shi, yana farawa ne kamar bai taɓa ganin aikin ba.

Maganin wannan shi ne fayil ɗin ƙa'idoji da ake ajiyewa a tushen jakar aiki, wanda wakilin ke karantawa a farkon kowane zama. Claude Code yana neman CLAUDE.md, Codex da wasu da dama suna neman AGENTS.md. Rubutu ne na yau da kullum, ba kod ba. Bari in faɗi irin abin da na sa a nawa, na wata manhaja da nake kula da ita ta wani dillalin taki da maganin feshi mai rassa a cikin gari da Goronyo da Illela.

Na fara da nau'in rumbun da lambar sigarsa, domin akwai umarnin da ke aiki a sabuwar siga amma ba ya aiki a tsohuwa, kuma wakili yakan gauraya salon MySQL da na PostgreSQL idan ba a faɗa masa ba. Na rubuta cewa kuɗi ba a taɓa ajiye shi a FLOAT, sai a NUMERIC ko a matsayin kwabo cikin cikakkiyar lamba, saboda lissafin FLOAT ba ya ba da 0.3 daidai idan aka tara 0.1 da 0.2, kuma irin wannan ɗigon shi ne ke taruwa ya hana littafi daidaita. Na rubuta cewa lambar waya rubutu ce, ba adadi ba, domin lambobinmu 11 ne masu farawa da sifili, kuma idan aka ajiye su a matsayin adadi sifilin zai faɗi. Na ƙara da cewa reshen Illela yana da abokan ciniki daga Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, masu lambobin waya da ke farawa da 227 ba 234 ba, kuma wasunsu da sefa suke biya, saboda haka kowane biya yana da gurbin nau'in kuɗi da na farashin canjin ranar, kuma haramun ne a tara gurbin adadi ba tare da an duba nau'in ba. Na rubuta cewa lokaci ana ajiye shi a UTC, agogon bai ɗaya na duniya, amma ana nuna shi a agogon Najeriya, wanda ke gaba da awa ɗaya, domin cinikin da aka shigar da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare yana iya faɗawa a rahoton jiya idan aka manta da wannan.

Daga nan na shiga maganar harshe. Duk rubutu yana kan tsarin haruffa na UTF-8, a MySQL kuma utf8mb4, domin tsohon tsarin latin1 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma yakan mayar da su alamar tambaya. Na kuma hana haɗa tambayar SQL ta hanyar liƙa rubutun mai amfani kai tsaye. Dole a tura shi a matsayin ƙima ta daban ta guraben da direban rumbun ya tanada. Kowa ya san wannan ne ke hana masu kutse cusa umarni, amma a ƙasar Hausa ba sai an jira ɗan kutse ba, sunan Sa'idu kaɗai ya isa ya karya tambayar da aka haɗa da liƙi, tunda hamzarsa ita ce alamar da SQL ke rufe rubutu da ita.

A ƙarshen fayil ɗin na jera hani uku: kada a goge layi daga teburin ciniki, sai dai a sa masa alamar sokewa, kada a taɓa fayilolin sauya tsarin rumbu da aka riga aka gudanar, kada a ƙara sabon ɗakin karatu na kod, wato tarin kod na wasu da ake ɗaukowa, ba tare da tambaya ba. Fayil ɗin bai kai shafi biyu ba, kuma da gangan na bar shi gajere, domin idan ya yi tsawo muhimman ƙa'idojin sukan nutse cikin marasa muhimmanci. Duk ranar da wakilin ya yi wani kuskure sau biyu, nakan ƙara layi guda a kansa.

Mataki na biyar: fara da karatu, sannan tsari, sannan rubutu

In ban da ɗan shirin cika rumbun gwaji, makon farko kada ka ba shi ginin komai. Ka ba shi wani tsohon aiki da ka rubuta da hannunka kuma ka san shi ciki da bai, ka ce ya bayyana maka abin da yake yi. Ta haka za ka auna shi a inda ba zai iya ruɗe ka ba, ka ga inda yake da kaifi da inda yake cika gurbi da zato. Bayan haka ka ba shi ayyukan da kuskurensu ba ya da tsada: rubuta bayanin teburan, nemo guraben da ke nuni ga wani tebur amma ba su da fihirisa mai saurinta bincike, rubuta gwaje-gwaje ga lissafin da ke akwai.

Idan ka kai ga aikin gaske, ka riƙa neman tsari kafin rubutu. Yawancin wakilai suna da yanayin da suke karantawa su tsara ba tare da sun taɓa fayil ba. Ka ce masa ya faɗi teburan da zai taɓa, da tambayoyin da zai rubuta, da abin da ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da ya tabbatar ba. Gyara tsari mai layi goma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara kod mai layi ɗari biyar. Kuma ka yanka aikin ƙanana. Maimakon ka ce ya gina maka sashen bashi gaba ɗaya, ka ce ya rubuta tambayar da ke fitar da ragowar bashin mutum ɗaya, ka gwada, ka adana a Git, sannan ku ci gaba.

Mataki na shida: duba tambayoyinsa da lissafin hannu

Kod ɗin wakili yakan zo a tsabtace, da sunaye masu ma'ana da sharhi a inda ya dace, kuma wannan tsabtar tana sa ido ya yi sanyi. Tambayar SQL da ba daidai ba sau da yawa ba ta nuna wani kuskure a allo. Tana gudana lafiya, ta ba da adadi, adadin ne kawai ba gaskiya ba.

Na ga wannan da idona. Dab da faɗuwar damina, lokacin da manoma ke karɓar taki bashi, maigidan da nake yi wa aiki ya nemi rahoton waɗanda ake bi. Na ba wakilin aikin, ya rubuta tambaya mai kyan gani da ta haɗa teburin rasit da na biya, na gwada ta a kan mutum biyu ta yi daidai, na buga rahoton na kai ofis bayan la'asar. Akawun, dattijo ne da ya riƙe littafin kantin tun kafin a kawo kwamfuta, ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa, sai ya tsaya a kan wani manomin albasa. Ya ce, "Malam, wannan bawan Allah buhu goma ya ɗauka, kuma ya biya sau uku, ni na karɓa. Yaya aka yi takardarka ta ce kuɗin buhu talatin ne a kansa?" Na ce, "Baba, ba ni daren nan in duba." Da na koma gida na buɗe tambayar, sai na ga abin da ya faru: rasit ɗaya da ke da biya uku yakan fito sau uku idan aka haɗa teburan biyu, saboda haka SUM ya tara kuɗin rasit ɗin sau uku. Mutum biyun da na gwada da su kowanne sau ɗaya ya biya, shi ya sa ban gani ba. Gyaran bai wuce tara biyan kowane rasit a ƙaramar tambaya ta daban kafin a haɗa ba. Da takardar ta fita, da an je ƙofar mutumin kirki ana neman kuɗin da ba a binsa.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya: kafin wakilin ya rubuta kowane rahoton kuɗi, ni nake zaɓar misalai biyar ko shida masu wuya, in lissafa amsarsu da biro a takarda, in sa su cikin gwaji, sannan in ce ya rubuta tambayar da za ta ci gwajin. Kuma nakan duba cewa bai taɓa fayil ɗin gwajin ba, domin wakili idan ya rasa mafita wani lokaci yakan gyara gwajin ya dace da kod ɗinsa, sannan ya ba da rahoton cewa komai ya wuce.

Akwai wasu wurare da nake kai ido kai tsaye. Na ɗaya shi ne NOT IN a kan ƙaramar tambaya: idan akwai NULL, wato gurbin da ba shi da ƙima, ko ɗaya a cikin abin da ta dawo da shi, babbar tambayar ba za ta fitar da layi ko ɗaya ba, kuma NOT EXISTS ya fi aminci. Na biyu shi ne LEFT JOIN da aka sa wa sharaɗi a WHERE a kan teburin dama, abin da ke mayar da shi haɗi na ciki a ɓoye, ya zubar da mutanen da ba su taɓa biya ba, alhali su ne ake nema. Na uku shi ne BETWEEN a kan gurbin da ke ɗauke da kwana da lokaci, inda cinikin ranar ƙarshe ke zubewa saboda iyakar ta tsaya a tsakar daren farkon ranar. Na huɗu shi ne kod da ke aika tambaya ɗaya ga kowane layi a cikin zagaye, wanda ba a jin nauyinsa a rumbun gwaji mai layi ɗari amma yake durƙusar da reshen da intanet ɗinsa ke da rauni. Domin auna nauyi, ka nemi wakilin ya cika rumbun gwaji da layuka masu yawa kamar na gaske, ka duba da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda rumbun zai gudanar da tambayar. Ka tuna cewa EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da umarnin da gaske, saboda haka idan UPDATE ne ko DELETE, ka sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK domin a warware abin da ya yi.

Mataki na bakwai: sauya tsarin rumbu ya bi ta hannunka

Ƙara gurbi, sauya nau'insa, ko raba tebur biyu, duk a rubuta su a fayilolin sauya tsari masu lamba bi da bi, ko da kayan aiki irin su Flyway ko Liquibase ko Alembic, ko ma fayilolin SQL da ka jera da kanka. Wakilin yana iya rubuta fayil ɗin, tare da na mayar da baya, ya gwada su a rumbun gwaji. Gudanar da shi a rumbun aiki kuwa naka ne, bayan ka karanta kowane layi kuma ka ɗauki sabon kwafi.

A nan bambancin rumbuna yana da muhimmanci, kuma wakili ba koyaushe yake ja maka kunne a kai ba. PostgreSQL yana barin yawancin umarnin sauya tsari su shiga cikin ƙulli ɗaya, ta yadda idan na uku ya gaza za a warware na ɗaya da na biyu. MySQL kuwa yana tabbatar da kowane ALTER TABLE nan take, saboda haka idan aiki ya tsaya a tsakiya, rumbun zai zauna rabi sabo rabi tsoho, kuma ROLLBACK ba zai cece ka ba. Haka nan gina fihirisa a kan babban tebur a PostgreSQL yana hana rubutu a teburin har a gama, sai an yi amfani da CREATE INDEX CONCURRENTLY. Ka kuma lura da sauya sunan gurbi, domin wasu kayan aikin da ke samar da fayil ɗin da kansu sukan fassara shi a matsayin goge tsohon gurbi da ƙirƙiro sabo, bayanan da ke ciki su tafi. Ni nakan yi irin wannan aiki ne bayan an rufe kanti, ko ranar Juma'a da rana lokacin da rassa ke rufe, kuma sai na tabbatar batirin sola ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sauyi ba abin da ake gwadawa ba ne, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 na'ura tana neman kashe kanta.

Kuɗi da tsawon zama

Yawancin waɗannan wakilai da dala ake biyansu, ƙananan rajistar wata sukan kama daga dala 10 zuwa 20, kuma akwai iyaka ga yawan aikin da za a yi da su. Wanda ya zaɓi biya gwargwadon amfani ya sa wa asusunsa iyakar kashewa tun ranar farko. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne yawan rubutun da wakilin ke karantawa, saboda haka kada ka bar shi ya buɗe fayil ɗin kwafin rumbu ko dogon tarihin kurakuran saba, ka yanko masa ɓangaren da ake buƙata kawai.

Dogon zama kuma yana rage masa kaifi. Wakili yana da iyakar abin da zai riƙe a lokaci guda, kuma idan hira ta yi tsawo yakan fara mance ƙa'idar da aka gindaya masa a farko, ko ya koma kan hanyar da kuka riga kuka watsar. Idan ka ga ya gyara abu ɗaya sau uku bai dace ba, kada ka ci gaba da ja da shi. Ka tsayar da shi, ka mayar da reshen inda yake da Git, ka ce ya rubuta taƙaitaccen bayanin abin da aka gwada da dalilin gazawarsa a wani fayil, sannan ka buɗe sabon zama ka ba shi bayanin tare da ƙaramin yanki na aikin. Idan intanet ya yanke a tsakiyar aiki, abin da ke faruwa da mu sau da yawa, ka fara da git status kafin komai domin ka ga fayilolin da ya bari rabi, ka yanke shawarar ko a ƙarasa su ko a watsar, sannan ka sake kiransa.